Ruwa a Kan Ruwa: Lissafin da Ya Wajaba Mai Ajiya da Mai Cin Bashi Su Sani

Duk wanda ya ajiye kuɗi a banki, ko ya karɓi rance, yana hulɗa ne da abubuwa uku: uwar kuɗi, da kuɗin ruwa, da lokaci. Jama'a da dama sukan lura da biyun farko, su manta da na uku, alhali kuwa shi ke arzuta mai ajiya, shi kuma ke durƙusar da mai bashi.

Yadda Ruwa ke Haifar Ruwa

A ɗauka mutum ya ajiye ₦100,000, banki yana biyansa ruwa kashi 10 cikin ɗari a shekara. Ƙarshen shekarar fari kuɗin ya zama ₦110,000. Idan bai taɓa kome ba, ruwan shekara ta biyu a kan ₦110,000 za a lissafa shi, sai ya zama ₦121,000, a ta uku kuma ₦133,100. Da a kan uwar kuɗi kawai ake lissafawa, ₦130,000 zai samu.

Akwai wata dabara mai sauƙi: a raba 72 da yawan ruwan, abin da ya fito shi ne kimanin lokacin da kuɗi zai ninka. A kan kashi 10 a shekara, wajen shekara bakwai ke nan.

Mai Ajiya a Kai a Kai

A ɗauki misalin wani ma'aikaci a Sakatariyar Tarayya da ke Abuja, wanda ke zuba ₦100,000 a farkon kowace shekara. Ƙa'idar ita ce a haɗa sabon zubi da abin da ya taru, sa'an nan a ƙara ruwan. Ƙarshen shekarar fari yana da ₦110,000. Ya zuba na biyu, ₦210,000 ta zama ₦231,000. Ya zuba na uku, ₦331,000 ta zama ₦364,100. Ashe ₦300,000 ya zuba, sauran ₦64,100 ƙari ne. Da yayyafi kogi kan cika. Sai dai kuma ya kamata ya gwada ruwan da hauhawar farashin kaya, domin idan farashi ya fi ruwan gudu, abin da kuɗin zai iya saye raguwa yake yi.

Mai Cin Bashi

Wannan lissafi shi ne ke juyowa kan mai rance. Ɗan kasuwa a Kasuwar Wuse da ya ranci ₦100,000 a kan kashi 5 cikin ɗari kowane wata, ana ɗora ruwan da bai biya ba a kan uwar kuɗi, bayan wata 12 za a bi shi kimanin ₦179,600, ba ₦160,000 ba. Cikin wata 15 bashin ya ninka.

Ko rance mai sauƙin ruwa ma yana bukatar lissafi. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma ke kula da shi daga Abuja, yana ba masu zubi rance a kan kashi 6 cikin ɗari a shekara. Wanda ya karɓi ₦5,000,000 don ya biya cikin shekara 20 zai riƙa biyan kimanin ₦35,800 a wata, jimla wajen ₦8,600,000. A biyan farko ₦25,000 ruwa ne, ragowar ce kaɗai ke rage bashin. In kuwa shekara 10 ya zaɓa, biyan wata zai haura zuwa kimanin ₦55,500, amma jimlar ba za ta kai ₦6,700,000 ba.

Masu Guje wa Ruwa

Waɗanda addininsu ya hana su kuɗin ruwa suna da mafita. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 ba tare da ruwa ba, Gwamnatin Tarayya kuma ta fitar da takardun Sukuk na farko, na naira biliyan 100, a 2017 don aikin hanyoyi. Duk wanda ya mai da ribar da ya samu cikin jarinsa, dukiyarsa bisa wannan lissafi take haɓaka.

Saboda haka, kafin mutum ya sa hannu a takarda, lalle ya tambayi abu uku: ruwan na wata ne ko na shekara, ana ɗora shi a kan uwar kuɗi ko ba a ɗorawa, kuma nawa ne jimlar abin da zai biya ko zai karɓa a ƙarshe. Ya nemi a rubuta masa amsar kafin ya amince.