Daga hasumiyar ƙarfe zuwa gangaren dutse: Makomar jirgin lilo da darasinta ga Kagoro

A ranar 1 ga watan Janairun kowace shekara, dubban jama'a kan yi cincirindo a Kagoro da ke Ƙaramar Hukumar Kaura ta Jihar Kaduna domin bikin Afan. Maharba da makaɗa da 'yan rawa kan cika gari, 'yan asalin yankin da ke zaune a Kaduna da Jos da Abuja su komo gida. Bayan kwana biyu ko uku sai baƙi su watse, masu masauki da masu abinci da 'yan acaɓa su koma jiran wata shekarar. Dutsen Kagoro kuwa, wanda tsayinsa ya haura mita 1,200 daga doron teku, yana nan tsaye ana wuce shi.

Duk garin da Allah ya hore wa irin wannan baiwa yana fuskantar tambaya guda: me zai sa baƙo ya zo a sauran watannin shekara? A ƙasashe da dama, ɗaya daga cikin amsoshin na fitowa ne daga wuraren wasa, ta hanyar abin da ake kira rola-kosta, wato jirgin lilo mai bin siririn layin dogo, wanda ke hawa sama ya gangaro da fasinjojinsa a guje. Fasahar ƙera shi na sauyawa a 'yan shekarun nan, kuma sauyin ya karkata ne ga wurare masu duwatsu.

Asalinsa layin dogo ne

Mutanen Kafanchan, maƙwabtan Kagoro, ba baƙin layin dogo ba ne. Garinsu ya bunƙasa ne tun daga 1927, lokacin da ya zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu zuwa Kaduna da reshen da ya haura Jos. Kwal da kuza da kayan gona ne suka jawo wannan layi. Shi ma jirgin lilo daga irin wannan sana'a ya fito.

A 1827 aka shimfiɗa wani layi a Mauch Chunk da ke jihar Pennsylvania ta Amurka domin gangaro da kwal daga kan dutse. Taragun ba su da inji, nauyinsu ne ke tura su ƙasa, alfadarai su jawo su sama. Daga baya mutane suka fara biyan kuɗi su hau domin daɗin gudun kawai. A 1884 LaMarcus Thompson ya gina irinsa na wasa zalla a Coney Island da ke birnin New York, wanda gudunsa bai wuce kilomita 10 a sa'a ba. A 1919 John Miller ya samu takardar mallakar fasahar ƙafar da ke riƙe layi ta ƙasa, wadda ta hana tarago tashi daga kan hanyarsa. A 1959 kuma Disneyland ta buɗe Matterhorn Bobsleds, na farko da aka yi wa layi da bututun ƙarfe. Bututu na lanƙwasuwa yadda katako ba ya yi, shi ya buɗe ƙofar juyi da wulƙitawar da ake gani a yau.

Yadda yake gudu ba tare da inji ba

Jirgin lilo na gargajiya ba ya ɗauke da inji. Sarƙa ce ke jan shi zuwa ƙololuwar tudun farko, daga nan ta sake shi. Tsayin da ya hau shi ne jarinsa, yana kashe shi kaɗan-kaɗan a kowace kwana da kowane tudu, shi ya sa tudun da ke biye bai kai na farko ba. Idan tarago ya gangaro daga mita 50, gudunsa kan kusanci kilomita 110 a sa'a. Amma wanda ke son ninka wannan gudu sau biyu, sai ya ninka tsayin sau huɗu. A nan lissafi ya fara tsananta wa masu gini.

Iyaka ta biyu jikin ɗan Adam ce. A ƙasan gangare, fasinja kan ji kamar nauyinsa ya ninku sau huɗu ko biyar. Jiki na jure haka na 'yan daƙiƙoƙi, idan ya daɗe jini kan janye daga kai, gani ya dushe. Domin haka injiniyan Jamus Werner Stengel ya tsara zoben da ba da'ira sak ba, mai kama da ɗigon ruwa a kife, wanda aka yi amfani da shi a jirgin Revolution na jihar Kaliforniya a 1976. Wannan siffa tana shigar da nauyin a hankali.

An daɗe ana gasar tsawo. Kingda Ka da ke jihar New Jersey, mai tsayin mita 139, ya riƙe kambu tun 2005. A watan Nuwamban 2024 aka rufe shi, a Fabrairun 2025 aka rushe shi. Faɗuwar wannan hasumiya ta nuna cewa tsawo kaɗai bai isa ya biya kuɗin kula da abu ba.

Inda fasahar ta dosa

Sauyi na farko shi ne maganaɗisu. Tun 1996 aka fara harba tarago da ƙarfin lantarki a maimakon jan sarƙa. A tsarin da ya fi yaɗuwa yanzu, ana jera naɗaɗɗun wayoyi a jikin layi, a ɗaura maganaɗisu a ƙarƙashin tarago. Kwamfuta na kunna su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya jawo taragon ya miƙa wa na gaba. Babu abin da ke gogar wani, saboda haka lalacewa ta ragu, kuma ana iya ƙara wa jirgi gudu sau da yawa a tsakiyar tafiya, gaba ko baya. Tsohon tsarin harbi da ƙarfin matsattsen mai, wanda ya ba Formula Rossa na Abu Dhabi damar kai kilomita 240 a sa'a cikin ƙasa da daƙiƙa biyar a 2010, yana ja da baya. A 2024 wurin wasa na Cedar Point a jihar Ohio ya sake buɗe ɗaya daga cikin manyan jiragensa bayan ya maye masa wancan tsari da na maganaɗisu.

Birki ma ya bi wannan hanya. Farantin jan ƙarfe ko makamancinsa kan ratsa tsakanin maganaɗisu biyu, motsin ya haifar da lantarkin da ke turjewa. Gwargwadon gudu, gwargwadon ƙarfin riƙo. Irin wannan birki ba ya jiran wutar lantarki kafin ya kama, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da ɗaukewar wuta ba labari ba ce. Sai dai ba ya tsayar da tarago cak, birkin matsi ne ke ƙarasa aikin.

Sauyi na biyu shi ne jingina da ƙasa. A Qiddiya, kusa da birnin Riyad na Saudiyya, kamfanin Intamin ya gina Falcon's Flight, wanda aka tsara ya kai kilomita 250 a sa'a a kan layin da ya haura kilomita huɗu. Babban gangarensa daga bakin tsaunin Tuwaiq yake sulluɓowa. Dutse ya ɗauki aikin da da can sai an tara dubban tan na ƙarfe. Akwai kuma ƙoƙarin rage ƙarfen kansa: a 2018 kamfanin Rocky Mountain Construction ya fito da jirgi mai bin layi tilo, fasinjoji na zaune ɗaya bayan ɗaya, wanda ke shiga matsattsen fili.

Sauyi na uku ido ne da kunne. Ana raba layi gida-gida, kwamfuta ba ta barin tarago ya shiga gidan da wani bai fita ba. Sabbin jirage na ɗauke da na'urorin da ke auna girgiza da zafin ƙafafu da kullewar abin ɗaure fasinja, domin a gane ɓarna tun tana ƙarama. Kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, an riga an gwada tafiyar duka a kwamfuta, an auna abin da wuya da ƙashin baya za su ji a kowace kwana.

Ba kowace sabuwar dabara ce ta yi ƙarko ba. A 2015 Europa-Park na Jamus ya fara ba fasinjoji tabaran da ke nuna musu wata duniya ta kwamfuta yayin tafiya. Wurare da dama sun kwaikwaya, daga baya da yawansu suka daina, domin sa tabaran da goge shi na jinkirta layin masu jira.

Wanda ya dace da gangaren Kagoro

Irin jirgin Qiddiya aiki ne na ƙasar da ke zuba dukiyar mai a yawon buɗe ido. Daidai ruwa, daidai tsaki. Wanda ya fi kusa da halin wuri irin Kagoro shi ne ƙaramin jirgin gangare, wanda kamfanin Wiegand na Jamus ya fito da shi a 1997. Keke ne na mutum ɗaya ko biyu, a maƙale da layin ƙarfe da ke bin siffar dutse kusa da ƙasa. Igiya ce ke jan shi sama, nauyi ya gangaro da shi. Fasinja na riƙe da birki a hannunsa, sannan akwai wani birkin da ke kama kansa idan gudu ya kai wajen kilomita 40 a sa'a. Tobotronc na ƙasar Andora ya haura kilomita biyar. A 2022 aka buɗe wani a dutsen Jais na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Wutar da yake buƙata ta jan igiya da na'urorin tsaro ce, kuma ba ya neman a fasa dutse ko a share daji da faɗi. A yankin da ke da rafin Matsirga mai zubowa daga sama a kusa da Kafanchan, da kurmin Kagoro da Nindam wanda masana tsuntsaye suka san da zamansa, irin wannan abu zai iya zama ɗaya daga cikin dalilan da za su sa iyali su kwana biyu, maimakon su ɗauki hoto su juya.

Abin da za a auna kafin a kafa ƙusa

Na farko shi ne kulawa. A 2005 Jihar Kuros Riba ta buɗe keken igiya mai tsawon kusan kilomita huɗu a tsaunin Obudu, ya zama abin alfahari ga ƙasa baki ɗaya. Daga baya ya shafe lokaci mai tsawo a tsaye saboda rashin gyara. Keken igiya idan ya lalace yakan tsaya, jirgin lilo kuwa idan aka yi masa sakaci rai yake ci. Ko a ƙasashen da suka ƙware, an ga haka. A watan Yunin 2015, a Alton Towers na Ingila, ma'aikata sun ƙetare gargaɗin kwamfuta, tarago mai fasinjoji ya afka wa wanda ke tsaye ba kowa, mata biyu suka rasa ƙafa. Kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan biyar a 2016. A Yunin 2023 mutum guda ya rasu a Gröna Lund na birnin Stockholm bayan wani ƙarfen da ke riƙe ƙafafun tarago ya karye. A cikin wannan wata, wani mai ziyara ne ya hango tsagewa a ginshiƙin Fury 325 na Amurka, aka rufe jirgin. Na'ura na taimakawa, amma ba ta maye gurbin makanikin da ke zagaya layi kowace safiya.

Kagoro na gindin tsaunukan Filato, inda ruwan sama ke da yawa. Tsatsa da tsawa da zaizayar ƙasa dole su shiga lissafi, haka ma ƙurar hunturu da ke shiga ƙafafu. Kayan gyara daga waje za su zo, da kuɗin waje za a saya. Duk yarjejeniyar da ba ta ƙunshi horar da matasan yankin da ajiye kayan gyara ba, rabin aiki ce.

Na biyu doka ce. Duniya na da ƙa'idojin wannan fanni, irin su ISO 17842 da EN 13814 na Turai. Kafin a kai ga dutse, ya kamata Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa da majalisar kula da aikin injiniya, COREN, da gwamnatocin jihohi su fayyace wanda ke duba lilon da yara ke hawa tun yanzu a lokutan Sallah da Kirsimeti, sau nawa ake dubawa, kuma wa ke da ikon rufewa.

Na uku shi ne masu dutsen. A wurin al'ummar Agworok, Afan mafaka ce ta kakanni kuma tushen bikinsu, akwai kuma masu zama da noma a kansa. Wane sashe za a taɓa, wane ne ba za a kusanta ba, nawa ne rabon gari daga kuɗin shiga, duk magana ce da za ta fara daga fadar Sarkin Kagoro da dattawa da matasa.

Na huɗu zaman lafiya. Hare-haren da aka kai ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Kaura a 2022 sun bar tabo, kuma babu uban da zai ɗauko 'ya'yansa daga Abuja ko Jos sai ya amince da hanya.

Fasahar dai ta sauko daga hasumiya ta dawo kan dutse, ta rage cin ƙarfe, birkinta ba ya jiran wuta. Abin da ba a sayowa a kamfani shi ne littafin duba na kullum, mai binciken da ba ya karɓar na goro, da yardar mutanen da dutsen yake nasu. Garin da ya tanadi waɗannan ukun, zuwan masu zuba jari ba zai yi masa wuya ba.