Me ya sa ruwan Gurara ya fito fari fat a hoton waya?

Wani matashi mai sha'awar ɗaukar hoto ya yi takanas ya je magangarar ruwan Gurara da ke Jihar Neja, riƙe da sabuwar waya mai kyamara megafiksel 50. Ya isa da tsakar rana, ya ɗauki hotuna son ransa, ya koma gida yana murna. Da ya buɗe su a kwamfuta sai ya ga ruwan ya zama fari fat kamar an shafa alli, duwatsun gefe kuma baƙi ƙirin. Kuɗin mota ya tafi, hoton kirki ko ɗaya babu.

Da farko wayar ya zarga, alhali matsalar ta haske ce. Idon mutum yana iya ganin wuri mai tsananin haske da mai inuwa a lokaci guda, amma ƙaramar na'urar da ke karɓar haske a cikin kyamarar waya ba ta kai nan ba. Dole ta zaɓi ɗaya. Idan ta bi inuwa, ruwan ya ƙone, kuma duk inda ya ƙone ya zama fari, babu manhajar da za ta dawo da abin da ke wurin. Inuwa kuwa ana iya ɗago ta wajen gyara. Yawan megafiksel ba ya maganin wannan, duk da shi ake fi tallatawa a kwali.

Shi ya sa da ya koma karo na biyu ya sauya salo. Ya taɓa ruwan a fuskar wayar, ya ja alamar rana ƙasa har zanen kumfar ya bayyana, sannan ya danne yatsa na ɗan lokaci don hasken ya tsaya, kada wayar ta sauya shi da kanta. Ya kuma kunna HDR. Lokacin ma ya sauya: bayan la'asar ya ɗauka, rana ta yi sanyi. Idan gari ya yi lumshi ma ya fi, domin gajimare yana tausasa haske.

Abin da ya fi ba shi wahala shi ne hoton da ruwa ke fitowa sumul kamar siliki. Wannan yana buƙatar kyamara ta daɗe a buɗe, kamar rabin daƙiƙa. A sashen Pro na Android ana iya saita hakan, sai dai ƙofar hasken yawancin wayoyi ba ta tsukewa, don haka da rana hoton zai sake yin fari ko an sauke ISO ƙasa. Sai an maƙala gilashi mai duhu da ake kira ND a gaban kyamara, a kuma kafa wayar a kan mariƙi mai ƙafa uku. Masu iPhone sun huta: su ɗauki Live Photo, su zaɓi Long Exposure.

Jawo hoto da yatsu kuwa yanka shi kawai yake yi, sai in wayar tana da kyamarar nesa ta musamman. Feshin ruwa yana sauka a kan gilashin kyamara ba a lura ba, a riƙa gogewa da ƙyalle mai laushi. Duwatsun wurin suna da santsi, musamman da damina, kada neman hoto ya kai mutum bakin ruwa.

Wajen tura wa abokai ma sai da ya yi tuntuɓe, domin WhatsApp yana matse hoto. Yanzu a matsayin fayil yake tura su.