Macijin Kiwo Ya Sulale: Wace Magana Ce Gaskiya?

A Amurka da Turai akwai masu kiwon maciji a ɗaki cikin akwatin gilashi, kuma wanda aka fi yayi shi ne wata 'yar mesa marar dafi da ake kaiwa can daga Gana da Togo da Benin. Duk ranar da ɗaya ya sulale, maganar da za ka fara ji ita ce ya shige daji, ko yana yawo a unguwa yana neman wanda zai sara. Galibi ba haka ba ne. Maciji matsoraci ne. Yana fitowa sai ya bi gindin bango har ya sami lungu mai duhu da ɗumi ya lafe: bayan firji inda inji ke zafi, cikin kujera, ƙarƙashin kabad, har cikin takalmi.

A watan Maris na 2011 wata gamsheƙa ta ɓace a gidan namun daji na Bronx da ke New York. Gari ya ɗauki surutu. Ma'aikata kuwa suka rufe sashen macizai, suka rage haske da hayaniya, suka baza dusar katako wadda ɓeraye suka kwana a kanta. Bayan kwana shida aka same ta da ranta, ko ginin ba ta bari ba.

Masu cewa a ajiye madara ta jawo macijin da ya ɓace sun yi kuskure. Warin ɓera ne ke jan maciji, kuma ruwa yake sha. Busa sarewa ma aikin banza ne, domin ba shi da kunne na waje. Girgizar ƙasa yake ji, don haka buge-buge da jan kaya da ƙarfi sai dai su ƙara cusa shi ciki. Batun yunwa za ta kashe shi cikin mako guda shi ma ba gaskiya ba ne: mesa tana yin watanni ba ta ci ba. Sanyi da ƙishirwa su ne abin tsoro, shi ya sa ake ajiye kwanon ruwa da ɗan kwali mai ɗumi a gindin bango.

Dabarar barbaɗa fulawa a bakin ƙofofi da dare kuwa tana aiki, don da safe sawunsa zai nuna ɗakin da ya shiga. Tarkon danƙo ma yana kamu. Da shi aka kama wani kumurci mai tofin dafi a birnin Raleigh na Amurka a 2021, bayan ya kuɓuce wa mai shi ya yi watanni a waje. Sai dai yana yi wa dabba rauni, kuma sai da mai ake ɓamɓare ta a hankali. Ban ga dalilin ɗana shi don mesar da ba ta da dafi ba, balle watsa kananzir a gidan da yara ke kwana.

Idan mai dafi ne ya ɓace, a fitar da yara, a rufe ɗakin, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a sanar da maƙwabta da hukuma tun a ranar, kada a bari kunya ta sa a yi shiru.