Jirin da ke Biyo Bayan Maganin Hawan Jini

Masu shan maganin hawan jini da dama suna da ƙorafi iri ɗaya: da sun miƙe daga shimfiɗa, ko sun taso daga sujada zuwa raka'a ta biyu, sai ido ya yi duhu, juwa ta ɗebe su. Wasu sukan ce maganin bai karɓe su ba, su watsar da shi. Nan ne hatsarin yake.

A cikin manyan jijiyoyin jini biyu da ke gefen wuya, da kuma babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, akwai wasu 'yan masu gadi da ke jin ƙarfin bugun jini a kowane lokaci. Masanin Jamus Heinrich Hering ne ya bayyana aikin na wuya a shekarun 1920. Idan mutum ya tashi tsaye, jini kimanin rabin lita ko fiye yakan gangara ƙafafu da ciki. Masu gadin nan sai su aika saƙo can ƙasan ƙwaƙwalwa, ita kuma nan take ta umarci zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin jini su tsuke. Duk wannan kafin mutum ya gama gyara zaman rigarsa.

To, maganin hawan jini a kan wannan hanya yake aiki. Prazosin da doxazosin, waɗanda ake ba wa dattawa masu wahalar fitsari ma, suna hana jijiyoyin tsukewa, shi ya sa ƙwayar farko takan kayar da mutum, likitoci kuma suke cewa a sha ta lokacin kwanciya. Atenolol da propranolol suna hana zuciya amsa kiran da sauri. Methyldopa, wanda mata masu juna biyu suka sani sosai, daga ƙwaƙwalwa yake rage saƙon. Magungunan sa fitsari kuwa ruwan jiki suke ragewa, ga zafin Afrilu, ga gumi, ga azumi in ya faɗo a lokacin. Nifedipine mai saurin aiki nasa daban ne: yakan buɗe jijiyoyi farat ɗaya, masu gadi su ji jini ya faɗi, sai zuciya ta kama dukan uku-uku.

Tsofaffi da masu ciwon suga sun fi shan wahala, domin saƙon nasu ya riga ya yi rauni. Faɗuwa ɗaya a banɗaki ta isa ta karya ƙugun tsohuwa. Abin ya kamata ya dame mu fiye da yadda yake damunmu.

A asibiti, ana auna jini a kwance, a sake aunawa a tsaye. Idan lambar sama ta sauka da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti 3, likita zai iya rage magani, ya sauya lokacin sha, ko ya canza wani. A gida kuma, a zauna bakin gado kaɗan kafin a miƙe. Daina shan maganin hawan jini irin su clonidine ko atenolol farat ɗaya ba tare da likita ba yakan sa jini ya yi tashin gwauron zabo, zuciya ta rikice.