Waƙafi mai ruwa da ya sa Python karya al'adarsa

A ɗakin tace labarai, waƙafi mai ruwa (;) alama ce da ba kasafai muke jayayya a kanta ba. Amma a watan Fabrairun 2021 ita ce ta sa masu kula da Python, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja mafi yaɗuwa a duniya, suka yi abin da suka saba gujewa.

Duk wanda ya taɓa cike fom a shafin wata ma'aikata ya ga dogon adireshin da ke fitowa a saman allo. Abin da ya biyo bayan alamar tambaya bayanai ne, misali suna=Audu&jiha=Kano. A Python, sashen urllib.parse ne ke rarrabe su, kuma shekara da shekaru yana karɓar & da waƙafi mai ruwa a matsayin iyaka, bisa wata shawara da hukumar W3C ta bayar tun zamanin HTML 4.

Sai aka gano ɓaraka. Shafuka da dama suna da rumbun wucin gadi a gabansu, mai adana amsa domin miƙa wa baƙi na gaba. Idan rumbun & kaɗai ya sani, manhajar da ke bayansa kuwa ta san biyu, sai adireshi ɗaya ya samu fassara biyu. Ta wannan kafa ɗan kutse kan sa rumbun ya adana gurɓatacciyar amsa, a yi ta raba ta ga bayin Allah. An yi wa matsalar rajista da lamba CVE-2021-23336.

Bisa al'ada, ƙananan sabuntawa gyaran kurakurai kawai suke ɗauka, ba sa taɓa ɗabi'ar manhaja. A wannan karon an saka canjin cikin 3.9.2 da 3.8.8, har da 3.7.10 da 3.6.13. Daga nan & kaɗai aka amince da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda canjin ke aiki shiru. Tsohon adireshi mai suna=Audu;jiha=Kano ba ya jawo wani gargaɗi; sai dai sunan mutum ya koma "Audu;jiha=Kano", jihar kuma ta ɓace. Jami'in da ke duba rahoto zai iya ɗora laifin a kan magatakarda.

An dai bar ƙofa: mai tsohon tsari zai iya amfani da zaɓin separator ya nemi waƙafi mai ruwa, amma alama ɗaya tak, ba biyu a haɗe ba. Saura kuwa aikin sashen kwamfuta ne: karanta takardar canje-canje, bincika tsofaffin adireshi, da gwaji a gefe kafin a taɓa shafin da jama'a ke shiga. Ƙin sabuntawa ba mafita ba ce, domin ramin na nan a buɗe.

Harshen Go ya bi sahu a watan Agustan 2021 da fitowar 1.17, sai dai shi a wancan lokacin yakan rubuta gargaɗi a kundin aikinsa idan ya ci karo da alamar.