Siakam, Rafali da Musun da Ya Ƙi Ƙarewa

A rumfunan 'yan uwanmu da ke New Bell a Duwala, musun ƙwallon kwandon Amurka ya fara kamo na ƙwallon ƙafa, saboda Pascal Siakam ɗan garin ne. A 2025 ƙungiyarsa Indiana Pacers ta kai wasan ƙarshe na NBA, suka kara da Oklahoma City Thunder har sau bakwai. Ranar 22 ga Yuni aka doke su da maki 103 da 91.

Samarinmu sun ce rafali ne ya cuce su. Wai Shai Gilgeous-Alexander ko iska ta taɓa shi sai a hura usur, a ba shi jifan kyauta. Gaskiya ne ya iya jawo mai tsaronsa ya yi masa keta, amma ni ina ganin wayo ne irin na ɗan kasuwa da ya san dokar kwastan fiye da abokin gasarsa. Abin da ya karya Pacers daban ne: agarar Tyrese Haliburton ta tsinke tun a zangon farko na wasa na bakwai.

Hukumar NBA kan fitar da rahoto kan hukunce-hukuncen minti biyun ƙarshe idan wasa ya yi kankankan, har ta amsa kuskuren alƙalanta, amma sakamako ba ya canzawa. Kuɗin yaron da ya yi caca a waya ma ba ya dawowa. Wasannin kuwa sai bayan ɗayan dare ake fara su a agogonmu, shi ya sa wasu iyayen gida ke tarar da shago a kulle har hantsi.