Takaddamar Littattafan Zane Masu Labarun Miyagun Laifuffuka a Amurka

A shekarar 1942 ne aka fara buga wata mujallar zane-zane a Amurka mai suna Crime Does Not Pay, wato aikata laifi ba shi da riba. Sunan dai na gargaɗi ne, amma cikinta labarun 'yan fashi ne da masu kisan kai, ga bindiga ga jini. Da ta samu kasuwa sai ire-irenta suka cika kantuna, yara na saye a kan santi goma.

Hankalin iyaye da malamai ya tashi. A 1948 'yan makaranta suka tara littattafan suka cinna musu wuta a garin Binghamton na Jihar New York, kuma a 1949 ƙasar Kanada ta haramta su.

Wanda ya fi kowa suka shi ne Dokta Fredric Wertham, likitan ƙwaƙwalwa haifaffen Jamus. A littafinsa na 1954, Seduction of the Innocent, ya nace cewa zane-zanen suna koya wa yara dabarun ɓarna, suna kuma kashe musu tausayi. Hujjarsa ita ce kangararrun yaran da ya duba suna karanta su. Masu ja da shi suka ce ai kusan kowane yaro na lokacin yana karanta su, kangararre da natsattse. Wannan amsa tana da ƙarfi, sai dai ba a saurare ta ba.

A watan Afrilu na shekarar wani kwamitin Majalisar Dattijai ya zauna a New York. Sanata Estes Kefauver ya ɗaga wani bango mai hoton mutum riƙe da gatari da kan mace, ya tambayi mawallafinsa, William Gaines, ko wannan ya dace. Gaines ya ce ya dace da littafin ban tsoro. Jaridu suka yi ca a kansa.

Don gudun hukuma, mawallafa suka ƙaƙaba wa kansu ƙa'idoji: kada a nuna mai laifi yadda za a tausaya masa, kada a zubar da mutuncin ɗan sanda ko alƙali, kuma tilas alheri ya rinjayi mugunta. Crime Does Not Pay ta mutu a 1955. Sai a 2011 aka yi watsi da ƙa'idojin baki ɗaya.

A 2012 Carol Tilley ta Jami'ar Illinois ta bayyana abin da ta gano cikin takardun Wertham: ya sauya shekarun wasu yara, ya kuma haɗa maganganun yara daban-daban ya jingina su ga yaro guda.